Sunan Milka Ba Ya Jikin Bango

Ranar da aka cika kwana bakwai da binne Boaz, wansa Yafet ya iso Ungwan Kanya da baƙar leda a hannu, ya ce wa Milka, matar marigayin, ta tattaro masa duk wata takarda da ke ɗakin. Iska ta yaye rabin kwanon rufin tun ruwan farko, lokacin Boaz yana kwance, ba wanda ya hau ya gyara. Don haka maganar Yafet ta yi kama da ta mai hankali.

"Maman Ƙauna, ruwa zai lalata su. Kawo in ajiye miki a akwatina."

Milka ta kawo takardar aure ta coci, da katin asibiti, da na baftisma, da katin zaɓenta da take naɗewa cikin tsumma a ƙasan kwallar tufafi. Ba ta iya karatu ba, amma wannan katin ta san shi, don fuskarta ce a jiki. Tun da aka kawo ta Ungwan Kanya tana amarya ba a taɓa yin zaɓe ba ta tsaya a layin makarantar firamare ba, ko da goyo, ko da zazzaɓi.

Yafet ya zuba takardun a leda ya ɗaure bakin. Sannan ya ɗaga kai ya dubi sama ta ramin rufin.

"Ba za ki kwana a nan ba, mutane su zage ni. Ki biyo ni Kafanchan. Wata ɗaya, in sayi kwano, in turo kafinta."

"Yaya, gonar fa? Cittar ta fara tsiro."

"Gona tana da ƙafa ne da za ta gudu? Ɗauko kayanki."

Ba don wasa Milka ta yi tambayar ba. A Ungwan Kanya, gwauruwa tana cin gonar mijinta muddin tana zaune a ɗakinsa. In ta tashi ta koma wani gari da zama, gona ta koma hannun 'yan'uwan miji. Milka ba ta da ɗa namiji. 'Yarta ɗaya ce, Ƙauna, ita ma tana aure a Jere. Ɗakin nan da gonar cittar nan su ne duk abin da ya rage mata. Ta san dokar, Yafet ma ya san ta. Amma wata ɗaya ai ba tashi ba ne. Ta ɗaure ƙullinta ta hau bayan mashin.

Yafet dattijon coci ne, dillalin citta ne, kuma duk lokacin siyasa shi ne mai tara wa jam'iyya mutane a unguwarsu. Gidansa ɗaki shida. Milka dai ɗakin ajiya aka ba ta, inda ake jibge buhuna, aka shimfiɗa mata katifa a kan siminti. Matarsa Emilia tana da shagon kayan miya a bakin titi, tana fita da sassafe. Satin farko baƙuwa ce Milka, ana kawo mata kunu har ƙofa. Sati na biyu ta ɗauki tsintsiya don kunya. Zuwa sati na huɗu, ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce mai wanki, ita ce mai tuƙa tuwon mutum tara, kuma ba wanda ya tuna ranar da aka ce ta fara.

Wata ya cika, ta tambayi kwano.

"Kwano ya yi tsada. Bari ya sauko."

Wata rana cikin Yuli, tana wanke tukwane, Yafet ya kira ta, waya a hannunsa.

"Matarmu, zo ki tsaya jikin farin bangon nan. Ja ɗankwalin baya, kunne ya fito. Kada ki yi dariya."

"Hoton mene ne, Yaya?"

"Taimakon gwauraye ne. Ana ɗaukan suna. Ke dai ki gode wa Ubangiji kina da mai tsaya miki."

Ta gode. Ta ga ya buɗe akwatin ƙarfensa ya zaro katin zaɓenta, ya ɗauki hotonsa gaba da baya, ya hau mashin ya nufi shagon kwamfuta na bakin kasuwa. Taimakon gwauraye bai zo ba, ko mudun masara.

A watan Agusta ta ce za ta je ta yi wa cittar ciyawa. Ya ce hanyar bayan Manchok ba lafiya, bai shirya binne mutum biyu a shekara ɗaya ba, ya riga ya sa 'yan ƙwadago. A watan Oktoba ta ce to ta je ko kabarin mijinta ta share. Ya ce kafinta ya yi tafiya. Ta ce ba kafinta ta tambaya ba. Ya ajiye cokali ya dube ta.

"Akwai abin da kika rasa a gidan nan? Kin kwana da yunwa? Mace ki samu inuwa kina ta neman rana."

Ta kira Ƙauna da wayar Emilia. Ƙauna tana da tsohon ciki, muryarta a gajiye.

"Mama, ki yi haƙuri da Baba Yafet. Shi kaɗai ya rage mana. In kika ɓata da shi, wa zai tsaya mana?"

Milka ta ce to, ta miƙa wayar.

Da Disamba ta shiga, wata ƙaramar mota ta sauke buhunan ɗanyar citta a tsakar gida. Yafet ya ce a tsaga a shanya kafin Kirsimeti, kasuwa tana sama. Aka ba Milka wuƙa da kujerar tsuguno. Wannan aiki ba baƙonta ba ne. Shekara talatin tana haƙar citta tana tsagawa, har fatar yatsunta ta suɗe ta yi sumul kamar bayan cokali. Ta kwance buhun farko ta zuba. Jar ƙasa ce manne da saiwar, irin ta gangaren dutsen Ungwan Kanya. Ta juya buhun. A gindinsa akwai faci, an ɗinke da shuɗin zare, ɗinkin ya karkace hagu. Ita ta ɗinke shi bara, Boaz yana mata dariya wai ko ɗinkinta gurgu ne.

Ta zauna da buhun a cinya har Yafet ya fito.

"Yaya, wannan cittata ce."

"Ta gidanmu ce."

"Ni da ƙaninka muka shuka ta."

"Wa ya yi ciyawa? Wa ya haƙa? Wa ya kawo mota? Kina nan kina cin tuwona ita kuma tana can tana girma da kanta ko? Maman Ƙauna, wannan magana ba shi da kyau a bakin mai bi. Tsaga kawai. In an sayar, kwanonki ne zai fito a ciki."

Ta tsaga. Kwana goma sha ɗaya tana tsagawa, yaji yana cin hannunta, tana shanyawa a kan tamfol tana kwashewa da yamma. Aka loda busasshiyar citta aka tafi da ita. Kwano bai zo ba. Abin da aka ba ta ranar Kirsimeti turmin atamfa ɗaya ne, Yafet ya miƙa mata a gaban baƙi, yana cewa addini na gaskiya shi ne lura da gwauraye. Baƙin suka ce amin.

Bayan sabuwar shekara ya ce ta shirya, za su je karɓar katin zaɓe.

"Ai ina da kati."

"An daina amfani da wancan. Sabo ake bayarwa. Kuma ba a karɓar wa mutum, dole sai kin je da fuskarki, da ban wahalar da ke ba."

Sun sha layi tun safe har rana ta take. Da aka zo kanta, ma'aikaciyar hukumar zaɓe ta karɓi tsohon katin daga hannun Yafet, ta binciko sabon a cikin ɗauri, ta dubi hoton ta dubi Milka. Ta ce ta dangwala yatsa a littafi. Milka ta dangwala. Tawadar ta fito dunƙule, ba zane ko ɗaya.

"Kai, Mama, ina zanen yatsanki ya tafi?"

"Citta ta cinye, 'yata."

Ma'aikaciyar ta yi dariya ta ce ba damuwa, ranar zaɓe in na'ura ta ƙi yatsa za ta karanta fuska. Ta miƙa mata katin, ta ce, "Kin dai san rumfarki ko?"

"Na sani, ni zan kai ta," in ji Yafet. Kafin su kai bakin ƙofa ya zare katin daga hannunta ya sa a aljihu. Ko ɗumin hannunta katin bai ɗauka ba.

Ranar Juma'a, jajibirin zaɓen shugaban ƙasa, Yafet ya tara mutanen gidansa bayan abincin rana. Ya fito da akwatin ƙarfe ya ɗora a kan benci, yana kiran suna yana miƙa kati, har na 'yan haya biyu da ke ɗakin baya. Ya nuna musu takardar gwaji, ya ce ga inda za a dangwala, wanda ya kauce Allah yana gani, shi ma zai sani. Akwati ya rufu ba a kira Milka ba.

"Yaya, nawa fa? Ina so in kama motar Manchok kafin yamma, tunda gobe ba mota."

"Ke ki zauna ki lura da gida. Ƙuri'a ɗaya ba za ta naɗa kowa ba."

"Ban taɓa fashi ba."

"To bana ki fara. Tsohuwa da ke, ki je ki faɗi a layi a ce ni ne."

Ya sa makulli a aljihun rigar da ke rataye, ya fita taron jam'iyya da wata rigar.

Milka tana tankaɗe a bayan kicin sai ga Emilia ta tsaya a kanta. Can ta kwance bakin zaninta ta ajiye katin a kan faifai.

"Ki tafi yanzu. In ya tambaya, ban gan ki ba."

"Maman Bernice, Ubangiji ya sa miki albarka."

"Kada ki sa mini albarka." Emilia ta kau da kai. "Ki je ki gani da idonki. Ni mace ce a gidan nan kamar ke, ba a shawara da ni. Ina jin abu, in yi kamar ban ji ba, don in zauna lafiya da yarana."

Milka ba ta gane ba, kuma ba ta tsaya tambaya ba. Ta soke katin a ƙugu ta fita ko ƙulli ba ta ɗauka ba.

Ta isa Ungwan Kanya rana tana shirin faɗuwa. Rufin yana nan yadda ta bar shi, sai dai ramin ya ƙara faɗi. Abu ɗaya ne sabo a gidan: ƙaton kwaɗo a ƙofar ɗakinta, mai ruwan zinariya, wanda ba ita ta saya ba. Tana tsaye tana kallonsa Dije ta hango ta. Dije Bafulatana ce, rugarsu tana iyaka da gonar. Kowace shekara bayan an haƙe citta shanunsu ke kwana a gonar su bar taki. Duk abin da ya faru tsakanin mutane a shekarun nan, su biyun ba su daina gaisawa ba.

"Milka! Ke ce ko fatalwarki? An ce kin zama 'yar birni, kin daina shan nono sai shayi."

"Wa ya ce?"

"Wan mijinki mana. Taho, taho, ki kwana wurina, gobe mu kama layi da wuri. Kin rame, wallahi. Birnin naku ba abinci?"

Da safe suka isa makarantar firamare tun ma'aikata ba su gama kafa teburi ba. An manna takardun rajista a bangon aji ɗaya, layi-layi, kowane suna da ɗan hoto a gefensa. Masu karatu suna bin suna, marasa karatu suna bin fuska. Dije ta samu tata nan da nan, ta ce an mai da ita kamar akuyar da ta sha duka. Milka ta fara daga takardar farko tana bi da yatsa. A takarda ta uku ta tsaya cak. Boaz ne, da hularsa ta zuwa coci, yana kallonta. Ba a cire shi ba tukuna. Kullum fuskarta tana ƙasa da tasa kaɗan. Ta sauke yatsa. Wata mata ce daban.

Ta bi bangon har ƙarshe. Ta dawo ta sake bi. Dije ma ta bi mata. Wanda ke kabari yana jikin bango, ita da ke tsaye da ƙafarta ba ta ciki.

"Ƙila iska ta ɗauke takarda ɗaya," in ji Dije. "Mu shiga layi. Kati ai yana hannunki."

Layin ya ja. Ana karɓar katin mutum, a duba a na'ura, ya sa yatsa ko a haska fuskarsa, a duba sunansa a littafi, a shafa masa tawada a farce, a ba shi takardu uku masu hatimi, ya shiga bayan ɗan shinge ya dangwala, ya fito ya jefa kowace a akwatinta. Milka ta san wannan duka kamar yadda ta san hanyar rafi. Da aka zo kanta ta miƙa kati da hannu biyu. Mai na'urar 'yar bautar ƙasa ce, an rubuta Nafisa a ƙirjin rigarta. Ta danna lambobi, ta dakata, ta sake dannawa. Sannan ta kawo katin kusa da ido.

"Mama, ba nan ce rumfarki ba."

"Nan ce. Ga kujerar da nake zama in jira mijina can."

"Katin nan na Kafanchan ne. An yi miki canjin rumfa, an ɗauke sunanki daga nan an kai can. Ba ke kika nema ba?"

"Ban nemi komai ba."

"Ba a ɗauki hotonki da na tsohon katinki ba, wajen tsakiyar bara? Da su ake cike takardar neman canji."

Milka ta ga farin bango. Ta ji muryar da ta ce ja ɗankwalin baya, kunne ya fito.

"'Yata, ki duba fuskata da na'urar. An ce tana karanta fuska. Kowa a nan ya san ni."

"Mama, ko na haska ba za ta karɓa ba, sunanki ba ya cikinta. Ba ni da ikon ba ki takarda, in na ba ki laifi ne. Ki yi haƙuri. In an sake buɗe rajista ki je ofis da kanki ki ce a mai da ke."

"Yaushe za a buɗe?"

"Ban sani ba. Ba dai bana ba, ina ji."

Na baya suka fara gunaguni, rana tana zafi. Milka ta fita daga layin. Mai unguwa Tagwai yana zaune a benci a inuwar mangwaro, sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya ji komai. Ya girgiza kai.

"Ashe gaskiya Yafet ya faɗa."

"Me ya faɗa, Baba?"

"Ya zo watan jiya da takarda daga kwamfuta. Ya ce kin zaɓi zaman Kafanchan, har kin kwashe sunanki daga nan. Ya ce in shaida gona ta dawo hannun gida. Na ce sai na ji daga bakinki. To ga shi yau na'urar gwamnati ta faɗa a gaban jama'a."

Milka ba ta yi kuka a wurin ba. Ta zauna a kan dutsen da ke bakin filin makaranta har Dije ta fito da tawada a farce. Dije ta ɓoye hannun a bayan zani.

Ranar Laraba aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Yafet ya zo da farar riga da Littafi Mai Tsarki a hammata, dattawan dangi uku suna gefensa. Bai musa ba. Mutum irinsa ba ya musu, gyara magana yake yi.

"Ni na yi mata canjin, don tausayi. Tsohuwa ta riƙa hawa mota tana bin wannan mugun hanya saboda zaɓe? Na kawo mata rumfa ƙofar gida. Laifi ne?"

"Ka ce mini taimakon gwauraye ne," in ji Milka.

"To ba taimako ba ne? Wata tara tana gidana. Ci, sha, sabulu, magani. Waye a nan ya kai mata ko ƙwayar gero? Da ƙafarta ta je ta karɓi katin, da yatsanta ta dangwala. Na ɗaure ta ne? Kuma ni ban kore ta ba, ɗakinta yana nan a gidana har ta mutu. Amma gonar ubanmu ba za ta zauna a hannun wanda gwamnati ma ta san ba ta garin."

Dije, da ke tsaye can baya da ƙwaryar nono a ka, ta ɗaga murya.

"Baba mai unguwa, shekara ashirin da wani abu ina bayan matar nan a layi. Ranar da za ta tafi ta ce mini wata ɗaya, har ta bar mini kajinta. Mai tashi yana barin kaji?"

"Wannan maganar dangi ne," in ji Yafet, ko juyawa bai yi ba. "A sayar da nono a wuce."

Mai unguwa ya ce Milka ta yi magana. Ta tashi. Ba ta da takarda, ba ta da ɗa namiji da zai tsaya a gefenta. Ta matsa gaban dattawan ta buɗe tafin hannuwanta biyu a gaban idonsu.

"Ku duba. Ku duba da kyau. Ranar da na karɓi katin nan, yarinyar ofis ta tambaye ni ina zanen yatsana. Yana cikin gonar can. Shekara talatin tana cinsa kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Yaya, buɗe naka hannun su gani."

Yafet bai buɗe ba. Ya gyara riƙon Littafinsa.

Dattawan suka sunkuyar da kai. Ɗaya ya yi tari. Mai unguwa ya daɗe yana zane a ƙasa da sanda. Ba mugun mutum ba ne, amma Yafet ne ke kawo taki lokacin siyasa, kuma takarda tana ba shi tsoro.

"Hannu shaida ne," ya ce, "amma takarda ma shaida ne, kuma ita ce za a tambaye ni in magana ta je sama. Ga abin da na gani. Yafet ya riƙe gonar bana. Ranar da Milka ta kawo kati mai sunan Ungwan Kanya, kuma muka ga tana zaune a ɗakin mijinta, a sake zama."

Kowa ya san citta ba ta jiran a buɗe rajista. Ruwan farko saura 'yan makonni.

Da yamma Milka ta ari taɓarya a wurin Dije ta doke kwaɗon nan har ya faɗi. Ta share kashin ɓera, ta ja gadon zuwa ɓangaren da ke da sauran rufi.

Ana saura kwana biyu zaɓen gwamna, Emilia ta sauka daga mashin da ƙullin kayan Milka da ledar shinkafa. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shiga.

"Ya ce in gaya miki ya yafe. Ki dawo. Ya ce zai turo mashin gobe, jibi ki yi zaɓenki a can tare da mu, tunda kina son zaɓe haka. Ya yi wa mutanensa alkawarin ƙuri'a goma sha biyu daga gidansa, wancan karon ɗaya ta kasa, an yi masa magana."

Milka ta taɓa ƙugunta inda katin yake. Tana son ta dangwala. Wata tara ana yanke mata komai, abin da za ta ci, inda za ta kwana, ranar da za ta ga kabarin mijinta. Bayan ɗan shingen nan ne kaɗai wurin da ba mai leƙa ta. Amma in ta sa yatsa a Kafanchan sau ɗaya, Yafet zai zo da shaidu goma sha ɗaya su ce sun gan ta a layinsu.

"Ki ce masa na gode. Ki mai da masa shinkafarsa."

"Maman Ƙauna, damina na zuwa. Dubi rufin nan. Me za ki ci?"

"Ke da kika ji lokacin da ake shirya abin, me kika ci ranar?"

Emilia ta ajiye ƙullin, ta ɗauki ledar ta tafi.

Ranar Asabar, kafin ma'aikatan zaɓe su iso, Milka tana kan dutsen bakin filin makaranta, sanye da zanin zumuntar matan coci, katin a hannunta a fili. Duk wanda ya zo shiga layi sai ya wuce ta gabanta, ita kuma sai ta gaishe shi da sunansa, da ƙarfi, har sai ya amsa. Wasu suka amsa da kunya. Dattawan dangin nan uku suka zagaya ta bayan aji don kada su haɗa ido da ita, ta kira su ɗaya bayan ɗaya har can.

Nafisa ta gane ta, ta zo ta durƙusa.

"Mama, na gaya miki ba zai yiwu ba."

"Na ji, 'yata. Ba takarda na zo karɓa ba. Yi aikinki."

Rana ta take, ba ta tashi ba. Dije ta kawo mata fura ta zauna kusa da ita. Aka gama jefawa, aka zazzage akwatuna, aka ƙirga da ƙarfi a gaban kowa, masu murna suka yi, masu zagi suka yi. Can ƙasan gangare, a gonar Boaz, 'yan ƙwadagon Yafet sun riga sun tara ciyawa sun sa wuta, hayaƙin yana tashi ana ganinsa daga makaranta.

Ba a yi wa Milka duka ba, ba a zage ta a titi ba. Da waya aka yi, da farin bango, da akwatin ƙarfe, da kalmar taimako. Mutumin da ya yi yana nan yana karanta Littafi ranar Lahadi, kuma akwatinsa cike yake da katunan mutanen da ba su san abin da aka rubuta a kansu ba.

Da mai unguwa ya tashi tafiya gida, Milka ta tare shi a hanya. Ta ɗaga masa babban yatsanta, fari fat, ba ɗigon tawada.

"Baba, ka gan ni?"

"Na gan ki, Milka."

"A ina?"

Tsohon ya dubi hayaƙin, ya dubi ƙasa.

"A Ungwan Kanya."

"To ka riƙe. Za a tambaye ka."